Jan Biron Baffa da Sunan 'Yar Fari

Muna zaman makokin Baffa a Dangora, mu mata a tsakar gida, sai muka ji dariya ta ɓarke a ƙofar gida inda maza suke. Ba irin murmushin nan da ake ɓoyewa da hannun riga ba, dariya ce sosai, har wani ya ƙware yana tari. Inna ta ɗago kai ta dubi Gwaggo, yayar marigayin. Gwaggo ta ci gaba da jan carbinta ta ce, "Ɗalibansa ne suka iso. Ku ƙyale su. Shi ma da yana nan, da shi za a yi."

Katangar gidanmu gajeriya ce, duk abin da ake faɗa a waje muna ji. Manyan mutane ne, malaman kwaleji da na jami'a, wasu har da furfura, sun baje a tabarma suna gasar wanda ya fi shan wuya a hannun mamacin. Wani ya ce ranar da Baffa ya dawo masa da maƙalarsa ta farko, matarsa ta ga jan biron da ke jiki ta zaci haɓo ya yi a kanta. Wani ya ce shi kuwa kalma biyu kawai Baffa ya dinga rubuta masa a gefen kowane shafi, "Sai me?", har abin ya kama bakinsa. Ran nan aka ce masa gishiri ya ƙare a gida, ya ce "Sai me?", ya ci tuwon ranar da miyar lami. Liman ya yi gyaran murya, aka shafa Fatiha, aka yi tsit. Ba a jima ba wani ya ce, "Ai ku naku mai sauƙi ne," aka koma.

Waɗanda suka zo daga rugagen Kiru da Doguwa ba su san wannan Baffan ba. Su wanda suka sani saurayi ne a kan babur, ma'aikacin ofishin jin daɗin jama'a, mai zuwa sasanta rigimar gida da mayar da yara makaranta. Wata tsohuwa ta dire ƙwaryar nono a gaban Inna, ta ce shi ya yi ta zarya Kano har ya samo wa ɗanta keken guragu. Ya ɗauro shi a bayan babur da damina, ya faɗa rafi da shi, ya fito ya tsaya wanke keken tas kafin ya tuna da tasa rigar. Tana faɗa tana share hawaye, tana kuma dariya.

Can sai wata abokiyar aikina, wadda ta zo daga Kano takanas domina, ta durƙusa ta yi wa Inna gaisuwa, ta tambaye ta 'ya'ya nawa ya bari. Inna ta fara lissafi daga ƙanena, ta gangaro har kan auta, ta yi shiru. Baiwar Allah ta juyo ta dube ni, ga ni zaune idona jajir. Ta raɗa mini, "Ke fa? Ba ce mini kika yi mahaifinki ne ba?" Na ce mahaifina ne mana, ni ce 'yar fari.

Wanda ya tashi a gida irin namu ba ya bukatar bayani. Mu Fulanin gida ne, mun daɗe da barin ruga, yaren ma sai 'yan kalmomi suka rage mana, amma kunyar ɗan fari tana nan daram. Uwa ba ta faɗin sunansa, uba ba ya faɗa, ba a ƙirga shi, ba a yabonsa a gaban mutane, ba a yi masa magana kai tsaye sai ta kama dole. Ana yaye ni Gwaggo ta goya ni zuwa Tudun Wada, a can na girma. A bakin Baffa ni ce "waccan", ko "ta wajen Yaya", ranar da yake cikin nishaɗi kuma "mutuniyar Tudun Wada". Ban taɓa shakkar yana sona ba. Takalmin sallata ya fi na kowa kyau, sai dai Gwaggo ake kai wa ta ce ita ta saya, ni kuma in yi kamar na yarda. Amma zan faɗi gaskiya: na yi aure, na haihu, furfura ta fara leƙo ni, ban taɓa jin yadda sunana yake a bakin ubana ba, kuma ina son in ji. Abin da na yi ta jira a wurinsa ke nan. Ɗalibansa za su rubuta nasu Baffan, na san su, har da madogara, wato jerin sunayen marubutan da suka ɗauko daga wurinsu. Wannan nawa ne, kuma in ban rubuta ba babu mai rubutawa.

Bayan shekarunsa na babur, Baffa ya koma karatu da girmansa, ya zama malami a wata kwaleji a Kano yana koyar da aikin jin daɗin jama'a. Abin da ya fi damunsa shi ne mutanenmu sun iya aikin amma ba su iya rubuta shi ba. Yakan ce ma'aikacinmu zai ƙare ƙuruciyarsa yana shiga gidaje, ya san abin da babu shi a kowane littafi, ya yi ritaya ya tafi da shi gona. Sannan wani ya zo daga nesa ya kwana biyu, ya koma ya rubuta, mu kuma mu dinga koyar da abin da ya rubuta. Da shi ma ya yi ritaya ya dawo Dangora, sai ya mayar da zaurensa aji. Duk Asabar ƙananan malamai masu neman ƙarin girma sukan cika mota daga Kano, kowa da maƙalarsa a jaka. Ba ya karɓar komai a hannun kowa, sai dai duk mai zuwa ya taho da jan biro, don nasa ba ya daɗewa.

Koyarwar tasa ba ta allo da majigi ba ce. Kafin ya buɗe takardarka sai ya ce ka faɗa masa da baki, da Hausa, abin da kake nema. In ka fara kame-kame ya ce, "In ba za ka iya gaya wa mai rake tambayarka kafin ya gama fere maka ba, kai ma ba ka san ta ba." Wanda ya buɗe maƙalarsa da "tun fil azal ɗan Adam", a nan take ake tura shi ya ɗebo ruwan alwala, wai ya huce. In masu tantancewa na mujalla suka yi wa mutum kaca-kaca, Baffa yakan sa shi ya rubuta musu amsar da ke ransa, da duk baƙar maganar da ya tanada, ya karanta wa zaure a sha dariya. Sannan a yayyaga, a zauna a rubuta ta ladabi, a bi gyare-gyaren ɗaya bayan ɗaya. Mujallun nan masu buga aiki kafin shayinka ya huce kuwa, ko sunansu ba a kawowa gidansa.

Sau ɗaya na ga ya kori mutum. Wani babba ne a wurin aikin ɗaya daga cikin ɗaliban, ya biyo yaron har zaure yana wasa da dariya, wai a sa sunansa a maƙalar, ai duk ɗaya ne. Baffa ya tambaye shi ƙauyen da aka yi binciken, bai sani ba. Ya tambaye shi abin da aka gano, ya ce ai bai samu karantawa ba tukuna. Baffa ya miƙe ya ɗauko masa takalmansa da kansa ya ajiye a gabansa. A wurinsa suna amana ne: wanda bai yi aiki ba ba a sa shi, wanda ya yi kuma ba a ɓoye shi. Yakan ce akuyar mutum in ka sace tana iya kuka a gane ta, amma maganarsa ba ta kuka, don haka duk abin da ka ɗauko a wurin wani sai ka faɗi mai shi, da baki ko a rubuce.

Abin da ɗaliban suka fi tunawa kuwa kifi ne. Duk wanda mujalla ta ƙi karɓar aikinsa, Baffa zai aika a sayo kifi a Bagauda, Inna ta soya, a zauna a ci a yi wa mai rashin sa'a barka. Wai wanda ba a taɓa kora ba, bai taɓa aikawa ba ne. Wanda aka karɓi nasa ko shayi ba ya samun ƙari, ai shi ya riga ya samu rabonsa. Har akwai wanda ake zargi da aika ɗanyen aiki da gangan in kwaɗayin kifi ya taso masa, kuma har a zaman makokin nan bai wanke kansa ba.

Allah da ikonsa, ni ma wannan fannin na karanta, ba tare da kowa ya ce in yi ba. Na samu koyarwa, shekaru suka tafi, ƙarin girmana ya tsaya cak, don ba ni da aiki ko ɗaya a mujallar kirki. A wurin aiki ana ta raɗe-raɗin ai ni na huta, ubana ne zai rubuta mini. Da sun sani! Na fara zuwa zaure ranar Asabar, ina zama tare da sauran malamai mata ta bakin ƙofar cikin gida. Kowa ya miƙa tasa takardar a karɓa, ni kuwa ko inda nake ba a kallo, balle a miƙo hannu.

Gwaggo ce ta samo dabara. Ta karɓi maƙalar ta cusa a leda tare da daddawar da take kai wa Inna, ta hau mota har Dangora, ta ce wa Baffa, "Ga aikin 'yata, ka duba mata." Ya ce, "Ajiye can, Yaya." Takarda ta dawo mini fes, babu ko ɗigon ja, sai warin daddawa. Ranar na yi kuka. Mutane suna kukan jan biro ya yi musu yawa, ni ina kishin nasu.

Asabar ta zagayo. Akwai babban ɗalibin Baffa, mutumin Doguwa, bawan Allah mai haƙuri da sanyin murya, wanda yake rubutu a kan 'yan fansho a cikin birni. Baffa ya buɗe takardarsa, ya dube shi ta saman tabarau, ya fara:

"Ka ce ka yi hira da mata a ruga. Da wane yare? Wa ya yi maka tafinta? Mazajensu suna wurin ko ba sa nan? Ba ka faɗa ba. Mai karatu duba zai yi?"

Mutumin Doguwa ya juya shafi gaba da baya. Ya ce, "Baffa, ni fa a kan 'yan fansho na rubuta. Babu ruga a ciki."

"To, wani ya rubuta. Ka riƙe, zai yi maka amfani."

Sai a lokacin na farga, na shiga lalubar biro a jaka. Shafi bayan shafi Baffa ya bi maƙalata da ka, bai tsallake ko sakin layi ɗaya ba, yana zazzaga wa bawan Allah faɗa a kan laifin da bai ji ba bai gani ba, ni kuma ina rubutawa. Daga ranar haka muka ci gaba. Gwaggo ta kai, takarda ta dawo fes, mutumin Doguwa ya sha faɗa. Har ya zama ranar Juma'a yakan bugo mini waya ya ce, "Malama, don girman Allah me kika rubuta wannan makon? In san irin abin da zan tarar gobe."

Abin da nake rubutu a kai, a wata ruga ta bayan Doguwa na tsince shi. Ana rajistar yara don wani tallafin makaranta, na bi ma'aikatan in ga yadda ake yi. Aka tambayi wata mata 'ya'yanta, ta lissafo, aka rubuta. Duk lokacin nan wata doguwar yarinya tana dama mana fura, kamarta ɗaya da matar har wushirya. Na ce, "Wannan fa?" Matar ta kau da kai ta ce, "Ta tsohuwa ce." Nan take na gane, don da irin wannan muryar Inna take cewa "ta Yaya ce". Ma'aikatan kuwa har sun wuce bukka ta gaba, yarinya ba ta shiga ba. Daga nan na dinga bin rugage da ƙauyuka ina tambaya ta wata hanya. Sai in fara daga auta, in ce wa yake bi, wancan kuma wa yake bi, har inda uwa za ta yi shiru ta sunkuyar da kai. Inda duk ta yi shirun nan akwai mutum, sai in je wurin kaka ta faɗa mini sunansa.

Matsalar ita ce, tsohuwar maƙalar da kowa yake dogara da ita a kan gidajen makiyayan yankinmu, Baffa ne ya rubuta ta da abin da ya tara tun zamanin babur. Shi ma uwaye ya tambaya, ya rubuta abin da suka ce. Bai ga giɓin ba, kuma ta yaya zai gani, mutumin da in an tambaye shi nasa 'ya'yan daga ƙanena yake farawa? Ni dai na lallaɓa na kewaye, ban ambaci aikinsa ba ko a wuri ɗaya, na aika.

Mujalla ta dawo mini da ita. Ranar Asabar sai ga kifi, manya-manya, Inna ta soya da yaji. Baffa ya dubi mutumin Doguwa ya ce, "Barka, barka. Yau an shiga sahun malamai." Bawan Allah ya ce ya gode, ya zaɓi mafi tsoka ya turo mini ta hannun ta kusa da ni.

Bayan kifin ne aka yi rigimar da ba zan manta ba. Cikin abin da masu tantancewa suka rubuta akwai tambayar me ya sa ban taɓo tsohon binciken da kowa ya sani ba, alhali abin da na gano ya saɓa masa. Gwaggo ta riga ta kai wa Baffa wannan ma. Ya wanke hannu, ya juya ga mutumin Doguwa, kuma a wannan karon babu wasa a muryarsa.

"Ka ga kuskure a aikin tsoho, ka rufe, wai kunya. Wa ka yi wa alheri? Tsohon? Ko yaran da ake tsallakewa ana rabon littafi da riga? Mai jin kunyar ya ce wane ya yi kuskure a shafi kaza, ya bar bincike ya nemi wata sana'a."

Na tattara takarduna na fita ban yi wa kowa sallama ba. Ina isa Tudun Wada na ce wa Gwaggo, "A gaya masa, mai wa'azin a ajiye kunya ya fara ajiye tasa." Ban zaci za ta kai ba. Washegari da sassafe ta yafa mayafi ta tafi tasha. Inna ce ta ba ni labarin yadda aka yi. Gwaggo ta same shi yana shirin tafiya gona, ta tsaya a bakin zaure ta riƙe ƙugu.

"Kai, ka ce yarinya ta rubuta sunanka ta ce ka yi kuskure duniya ta karanta. To kai yaushe ka taɓa faɗin nata?"

"Yaya, wannan daban, wannan daban."

"Daban a ina?"

Ya saɓa fartanya ya fita, ya manta da hularsa a kan tabarma, abin da Inna ta ce ba ta taɓa gani ba tun aurensu.

Na ɗauke ƙafa daga zaure na ɗan lokaci, ina fushi ina kuma jin kunyar fushin. Mutumin Doguwa ne ya dawo da ni. Ya bugo waya ya ce, "Malama, ki taimaka ki dawo. Tun da kika daina zuwa, nawa kurakuran yake karantawa, kuma wallahi sun fi naki yawa." Na dawo, na kuma rubuta abin da ya kamata. Na sa sunan Baffa da shekarar aikinsa, na faɗi abin da ya gani daidai, na faɗi inda bai gani ba da dalilin da ya sa. Ban taɓa rubuta sakin layi mai nauyin wannan ba. Asabar ɗin da ta biyo baya mutumin Doguwa ya zauna ya shirya wa faɗa, Baffa ya dube shi ya ce, "Wannan karon babu laifi." Bawan Allah ya kusa yin sujada.

Aka sake aikawa, aka sake gyara, daga baya aka karɓa. Ni ko shayi ban samu ƙari ba, kamar kowa. Abin da ya iso gare ni kawai shi ne Baffa ya ce wa Gwaggo ya ji an ce wata mujalla ta fara hankali. Na samu ƙarin girmana, na yi murna, amma abin da nake jira bai zo ba, kuma na fara gaya wa kaina in haƙura. Ya tsufa, al'ada ta girme shi, ba a kaina aka fara ba.

Bara ɗalibansa suka shirya taron bita na ƙananan malamai a tsohon otal ɗin nan na bakin ruwan Bagauda, suka roƙe shi ya rufe taron da jawabi. A lokacin ƙafa ta fara ba shi wahala, ƙanena ne ya kawo shi a mota, yana dogara sanda. Zauren ya cika da matasa daga jihohi daban-daban, yawancinsu ba su san shi ba sai a takarda. Ina zaune can baya cikin mata.

Ya yi magana a kan amanar bincike, yana ba da dariya kamar yadda ya saba. Can ya ce zai kawo misali da kansa. Ya ce ya taɓa rubuta wani abu a kan gidajen makiyaya, aka yi shekaru ana yaba masa, ashe a gida bayan gida ya bar mutum a waje bai sani ba. Ya bayyana yadda abin yake, da dabarar farawa daga auta, da shirun uwa. Ya ce, "Wani bincike ne ya zo ya gyara ni, kuma gyaran daidai ne." Ya ɗauki kofin ruwa zai wuce gaba. Na ce a raina, to, ya sake zillewa, kuma ya iya.

Sai wani matashin malami, baƙo daga nesa, wanda bai san kowa a cikinmu ba, ya ɗaga hannu.

"Malam, ka ce an gyara ka, amma ba ka faɗi wanda ya gyara ka ba. Ina son in nemo aikin in karanta."

Rabin zauren sun san abin da yaron nan ya taka, rabi ba su sani ba. Na ga ƙanena ya sunkuyar da kai. Mutumin Doguwa ya yi zumbur ya miƙe, ya ce, "Ɗan'uwa, ka same ni bayan taro, zan ba ka..."

Baffa ya ɗaga masa hannu. "Zauna. Ni aka tambaya."

Ya ajiye kofin. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Sannan ya juya fuskarsa wajen taga, inda ake hango masunta a kan ruwa, ya faɗi sunana. Sunan yanka, cikakke, da nasa a bayansa, da shekarar bugu, da sunan mujallar, a jere yadda ya koya mana. Bai yi sauri ba, bai haɗiye harafi ko ɗaya ba. Ashe a bakinsa da ɗan ja sunan yake fita, irin na tsofaffin Fulani, ba yadda kowa yake faɗa ba. Ya ƙara da cewa, "Ka karanta tata kafin tawa. In lokaci ya ƙure maka, tata ta isa."

Na ja mayafi na rufe fuskata. Ina jin mutumin Doguwa yana ta "Allahu akbar" a hankali. Baƙon nan kuwa, bai san me ya faru ba, ya sake ɗaga hannu ya ce, "Malam, a maimaita sunan, ban samu rubutawa ba."

Baffa ya mayar da tabarau ya ce, "Ka tambayi na kusa da kai."

Zauren ya fashe da dariya, ni ma ina yi a cikin mayafi, hawaye na shiga mini baki. Kafin in samu fitowa ya sa ƙanena ya tayar da mota, ko abincin taro bai tsaya ci ba. Da la'asar na isa Tudun Wada na tarar labari ya riga ni. Gwaggo ta ce in kira mata shi a waya, in sa yadda zan ji.

"An ce yau ka yi abin kunya a bainar jama'a."

"Yaya, ni ban kira kowa ba. Madogara na kawo."

"To, Allah ya ƙaro madogara."

Na ji ya yi 'yar dariya, ya ce a gaida mutanen gida, ya kashe.

Bai sake faɗa ba har Allah ya karɓi abinsa, ni ma ban sa rai ba. Sau ɗaya ne, a gaban baƙi, yana kallon ruwa, kuma ya ishe ni. Ina kewarsa ƙwarai. Allah ya gafarta masa, ya yalwata masa makwanci, ya sa ranar da za a kira kowa da sunansa a kira nasa cikin mutanen kirki, ni kuma ina kusa in ji.